Ranar da Tunau Ya Hau Turmi

A shekara ta goma sha ɗaya da hawan Sarki Cindo gadon Kurzau, damina ta sauka da ƙarfi, gulbin Dargi ya cika ya batse har ana jin rurinsa daga kan ganuwa. Mutanen Kurzau kuwa in gulbin nan ya cika hankalinsu kwance yake, domin shi ne tsakaninsu da abokan gabarsu na Dagwarai, kuma tun kaka da kakanni ba a taɓa jin an yi yaƙi da damina ba. Mayaƙi kan rataye garkuwa su ɗauki fartanya, dawakai su yi ƙiba, fadawa su wuni suna hamma a zaure.

A fadar akwai wani gajeren mutum mai gwamen ƙafa, sunansa Tunau, shi ne Wawan Sarki. Shekara talatin yana wannan aiki, tun zamanin mahaifin Cindo. Babu muryar da ba ya iya ɗauka, babu tafiyar da ba ya iya kwaikwaya. In hakimi ya ƙwace akuyar wata tsohuwa, washegari za a ga Tunau a fada yana tafiyar hakimin, yana jan igiyar da babu komai a ƙarshenta, yana rantsuwa akuyar ce ta biyo shi don ƙauna. A yi ta dariya har da riƙe ciki. Talakawa suna sonsa kamar su haɗiye shi, ko mai ƙosai ba ta bari ya wuce hannu rabbana. Sai dai akuyar ba a cika mayar da ita ba, kuma Tunau ya daɗe da lura da haka. Tun yana jin zafin abin har ya daina. Bakinsa yana aiki, fuskarsa tana aiki, amma can cikinsa shiru ne kamar rumbun da aka kwashe.

Abu ɗaya ya rage da ke motsa shi, ɗansa na fari, Hankurau, wanda yake cikin 'yan bakan Sarki. Saboda kunyar ɗan fari, Tunau bai taɓa kiran sunansa ba. Mutumin da ya zagi Galadima a gaban Sarki, ya kwaikwayi minsharin Alƙali, in zancen ɗansa ya taso sai ya kawar da kai ya ce, "wancan mutumin."

Wata ranar Talata jirgin fito ya ƙetaro da manzon Nomau, Sarkin Dagwarai. Aka shigo da shi fada, ya durƙusa rabin durƙuso, ya ajiye fartanya da kibiya a gaban Sarki.

"Ubangijina Nomau, mai Dagwarai da abin da ke kewayenta, yana gaishe da ɗan'uwansa Cindo," in ji manzon. "Ya ce a zaɓi ɗaya. In fartanya aka ɗauka, Kurzau ta zama gandunsa, a zauna lafiya. In kibiya aka ɗauka, to shi ma yana da irinta."

Sarki Cindo ya miƙa ƙafa ya taɓa kibiyar da yatsa. Aka fitar da manzon.

Nan majalisa ta zauna. Sarkin Ruwa ya fara faɗuwa ya yi gaisuwa, ya ce yana da abin al'ajabi. Kwana bakwai ke nan zalɓe uku suna tsaye a tsakiyar gulbi daidai Mashigin Kuka, inda ruwa ya fi ƙarfi, kuma ba ya tafiya da su. Aka kira mai duban fada, ya zana ƙasa, ya share, ya sake zanawa, ya ce, "Bushara ce, Zaki. Tsuntsun da ya tsaya a kan ruwa, gadon sarauta ne da zai tsaya a kan maƙiya." Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne, gaskiya ne." Tunau yana rakuɓe a bakin ƙofa, shi ya san abin da ke tsayar da zalɓe a ruwa. Uwarsa 'yar masunta ce, a bakin wannan gulbi ya yi wayo.

Madawaki Arzika, shugaban mayaƙa, ya gyara zama. Dogo ne mai son a ji amon muryarsa. "Allah ya ja zamanin Toron Giwa," in ji shi. "Nomau kurari yake yi. Ba shi da hanya sai gulbi ya janye, wata uku nan gaba. Kafin nan a ba ni runduna in yi kudu in ladabtar da mutanen Tsauni da suka ɗaga kai, in dawo da dawakai da hatsi, mu tarye shi da ƙarfinmu."

Galadima Mijinyawa, tsoho ne da ya ga sarakuna uku, ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, ba a ajiye wa mutum kibiya a zaure ya fita yawo. A bar ko da rabin runduna a gari."

"Galadima ya tsufa," in ji Madawaki. "Ko kaza ta yi tari sai ya ce a rufe ƙofar gari."

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta take. Da Sarki ya gaji sai ya ce, "A kawo turmi."

Wannan tsohuwar al'adar Kurzau ce. Duk ranar da maƙiyi ya aiko da saƙon yaƙi, sai a kife turmi a tsakar fada, Wawan Sarki ya hau, a sa masa jar hula, ya zama shi ne maƙiyin. Ya zagi wanda ya ga dama, ya yi barazana yadda ya so, kuma duk abin da ya faɗa a kan turmin ba a kama shi da shi. Kakanni sun kafa ta don sarki ya ji abin da abokin gaba yake tunani. Jikoki suka riƙe turmin da hular, suka manta dalilin.

Tunau ya hau. Ya tura ciki gaba, ya shafa gemun da ba shi da shi, ya saki murya ta hanci irin wadda fatake suka ce Nomau yana da ita.

"Ku gaya wa ƙanena Cindo ina taya shi murnar ƙiba. Na ji kuma yana da Madawaki jarumi, wanda ya taɓa korar awaki bakwai shi kaɗai, har ɗaya ta bar kunnenta a fagen fama." Fada ta kece da dariya. Madawaki ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Sun ce ba a yaƙi da damina. Wa ya ce? Ni Nomau da damina aka haife ni, ruwa in ya gan ni gaishe ni yake yi. Zan zauna in ci tuwona, in bar Madawaki ya kwashe dawakai ya yi kudu neman kunnen akuya. Sai in jira ranar da aka wayi gari ana ruwa, tsarkiyar bakansu ta jiƙe ta saki kamar tsohuwar igiyar guga. Sannan in bi ta inda zalɓe ya tsaya. Sun ce bushara ce. To bushara ce mana, tawa! Zalɓe waliyyi ne da zai taka ruwa? Yashi ne gulbi ya tara a ƙarƙashinsa bana, ruwan iyakarsa cinya."

Ya tattare rigarsa zuwa ƙugu, ya ɗora faifai a ka a matsayin garkuwa, ya shiga ɗaga gwamayen ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya a kan turmin, yana yamutsa fuska saboda sanyin ruwa, yana cewa, "Wash! A gaya wa Cindo ya ɗora mini ruwan zafi." Sarki ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, hawaye na bin kumatunsa.

Tunau ya sauko, ya cire jar hular ya ajiye, ya durƙusa. Da muryarsa ta kansa, wadda da yawa a fadar ba su ma santa ba, ya ce, "Zaki, na sauka daga turmi. Wannan ba wasa ba ne. A aika mutum da gora ya auna ruwan."

Dariyar da aka yi yanzu ta fi ta farko. Wani bafade har ya faɗi yana dukan ƙasa, yana cewa wannan fuskar tausayin ta fi komai.

Madawaki ya bari aka lafa, sannan ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, abu biyu. Tunda Wawa yana tsoron Mashigin Kuka, a ajiye 'yan baka arba'in a can, ɗansa ya shugabance su, ko barci ya ɗauki uban. Na biyu, al'ada ta ce wasan da ya sa Sarki dariya ba a ɓoye wa talakawa shi. A maimaita shi a kasuwa."

Hakan al'adar take, babu mai musu. Galadima ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, akwai fataken Dagwarai a zango, kuma jirgin fito yana kai da kawowa."

"To madalla," in ji Madawaki. "Su kai wa Nomau labari cewa a Kurzau ko mai tallan nono dariya take yi masa."

Sarki yana gyara rawani, har yanzu kafaɗunsa na rawa, ya ce, "A yi yadda aka saba."

Ranar Alhamis dogarai suka kife turmin a tsakiyar kasuwa. Tunau ya hau, ya yi awaki bakwai, ya yi ƙibar Sarki, ya ƙara da abin da bai yi a fada ba, duk don ya cika musu ciki ya sauka. Ya tsallake zancen gulbi. Amma dogarai sun riga sun baza labari tun ranar Talata. Da ya miƙa ƙafa zai sauka, sai wani mahauci ya ɗaga murya, "Zalɓe fa? Ka manta zalɓe!" Kasuwa duka ta ɗauka, "Zalɓe! Zalɓe!" Wata tsohuwa mai daddawa ta riƙe masa gefen riga tana cewa, "Haba Tunau, ɗan albarka, tun daga ƙauye na tako don wannan." Shugaban dogarai ya dube shi, ya dubi turmin.

Ya tattare riga, ya ɗora faifai, ya yi. Yana cikin ɗaga ƙafa ya hango wasu mutum biyu a bayan rumfar masu goro. Su kaɗai ba sa dariya. Ɗaya daga cikinsu leɓunansa suna motsi, yana bin maganar kalma bayan kalma, yadda ake biya karatu. Tunau ya gan shi sarai, ya kuma ƙarasa wasan har ruwan zafin, tunda an riga an kai inda aka kai.

Washegari da hantsi Madawaki ya fita ta ƙofar kudu da tambura da kusan duk wani mai iya riƙe mashi. Hankurau ya biyo ta gidan mahaifinsa da kwari a kafaɗa, ya tsuguna daga nesa.

"Baba, za mu wuce mashigi."

"To," in ji Tunau, yana kallon bango.

"Jiya na shiga da gora na auna. Iyakar cinya ne, kamar yadda ka faɗa. Faɗinsa zai ɗauki mutum goma a jere."

"Ka gaya wa Sarkin Baka?"

"Na gaya masa. Ya ce ashe wawanci abin gado ne."

A duk Kurzau wannan ne kaɗai mutumin da bai taɓa yi wa Tunau dariya ba, tun yana ƙarami. Can Tunau ya ce, "In hadari ya haɗu, ka kwance tsarkiya ka sa cikin hula. Ka gaya wa sauran."

"Zan gaya musu, Baba. Ka sa mini albarka."

"Allah ya tsare."

Ya tashi ya tafi. Tunau ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Bakinsa ya buɗe sau ɗaya kamar zai kira sunan, ya sake rufewa.

Kwana tara aka yi. A na goma aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai da hantsi. Tunau ya hau ganuwar arewa ya zauna, kamar yadda yake yi kullum tun tafiyar rundunar. Yana zaune ya ga zalɓen nan uku sun tashi lokaci guda.

Daga cikin dawar da ke wancan ƙetaren mutane suka fara fitowa, goma goma a jere. Sun tattare riguna zuwa ƙugu, sun ɗora garkuwa a ka, suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai gadin ganuwa da ke kusa da Tunau ya saki baki, ya ce, "Kai! Wallahi kamar yadda ka yi!" Har wata 'yar dariya ta kuɓuce masa kafin ya gane abin da yake kallo, ya ruga yana kururuwa.

'Yan baka arba'in suka jeru a ƙarƙashin kukar. Suka ja, suka saki, kibau suka faɗa cikin ruwa taku kaɗan daga gaɓa, don tsarkiya ta jiƙe. Baka ɗaya ne kawai kibiyarsa take kaiwa tsakiyar gulbi. Tunau ya ga mutum ya faɗi a sahun gaba, ya ga na biyu, ya ga na uku ruwa ya tafi da shi. Ya ƙirga har goma sha ɗaya. Daga nan sahun farko ya taka gaɓa, mutane suka cakuɗe a gindin kukar, bai ƙara ganin wata kibiya ta tashi ba. Bai yi ihu ba, bai yi salati ba. Ya lura dai ruwa yana ɗiga daga hularsa zuwa wuyansa, ya sa hannu ya share.

Sarki Cindo, a ba shi abinsa, bai gudu ba. Ya fito da dogarai da tsofaffin bayi da Galadima a gefensa, suka tare ƙofar arewa. A nan aka kashe Sarki da Galadima duka biyun. Kafin la'asar tutar Dagwarai tana kan soron fada.

A rana ta uku Madawaki Arzika ya dawo. Ya sauka daga doki tun daga nesa, ya tako da ƙafa, ya zuba ƙasa a ka a gaban Nomau, aka ce ya tashi, yana nan a Madawakinsa. Tunau, da aka tsare a zauren fada tare da sauran bayin Sarki, ya ga dawakan suna wucewa. Babu gumi a jikinsu, babu ganima, babu ko ƙwarzane. Wanda ya je Tsauni ya dawo ba haka dokinsa yake ba. Ya gane da bakin Madawaki aka ci garin, kuma ganewar ba ta yi masa komai ba.

Da aka zauna fada, Nomau ya ce a kawo masa Wawan Sarki. Ashe siririn mutum ne mai sanyin murya, ko kusa ba ya magana ta hanci. Da ya ga Tunau fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa.

"Kai ne Tunau! Shekara ashirin ina jin ka ban gan ka ba. Ina da mutum a fadata, ba shi da aiki sai bin fatake zuwa kasuwarku ya haddace mini wasanka. Na akuyar hakimi sau nawa na sa ya maimaita!" Ya juya ga sarakunan yaƙinsa. "Wata guda waɗannan suna gardama a gabana yadda za a ƙetare Dargi. An yi mana alkawarin gari babu runduna, amma babu wanda ya san hanyar ruwa. Sai ga mutumina ya dawo da zalɓe. Na yi dariya har na ƙware, sannan na ce a kawo gora." Ya yi nuni, aka yafa wa Tunau riga mai aska takwas. "Roƙi abin da kake so."

"Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Tunau. "Akwai wani mutum a gindin kuka, mai baka. Gawarsa nake so."

Nomau ya dubi wani barde. Barden ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya kashe mana goma sha ɗaya ne. Da aka kewaye shi ya faɗa cikin ruwa, aka soke shi a nan. Gulbi ya tafi da shi."

"Namiji ne," in ji Nomau. "Wani naka ne?" Bai jira amsa ba. "Za a ba ka wani abin. Yanzu a kawo turmin nan da nake jin labari. Yi mini Cindo."

Aka kife turmi. Tunau ya hau, sabuwar rigar tana jan ƙasa, hannayenta sun rufe masa yatsu. Aka miƙa masa jar hula, bai karɓa ba. Ya tsaya yana kallon fadar, rabi baƙin fuskoki, rabi waɗanda ya sani shekara talatin, duk sun riga sun fara murmushi.

"Sunansa Hankurau," ya ce da muryarsa ta kansa. "Ɗana ne na fari. Hankurau. Ni na nuna hanyar da aka bi aka kashe shi."

Sai wani bafaden Kurzau ya tuntsire, ya ce, "Ku ji marar kunya, yana kiran sunan ɗan fari a gaban Sarki!" Dariya ta kama daga wannan gefe ta zagaya wancan. Nomau ya dubi gajeren mutumin nan cikin rigar da ta fi shi, da fuskar da ko gezau ba ta yi, shi ma ya fashe har yana dukan cinya, yana cewa lallai gani ya fi ji.

Madawaki Arzika ya bari aka lafa, ya gyara zama. "Allah ya ja zamanin Toron Giwa," in ji shi. "Akwai wata al'ada a garin nan. Wasan da ya sa Sarki dariya ba a ɓoye wa talakawa shi."

"Kyakkyawar al'ada," in ji Nomau, yana share ido. "Yaushe ne kasuwa?"

"Jibi, ranka ya daɗe."

Tunau ya sauko daga turmin, ya tattare rigar don kada ta taɗe shi, ya koma bakin ƙofa inda ya saba zama.